Wa Ke Hawa Sikelin Direba?

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da marasa lafiyarki na can bayan duwatsu. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa ni shan ruwa kamar raƙumi. 'Yarki tana makarantar kwana, ta aiko wai abincin bai karɓe ta ba. Tun da kamfanin gina madatsar ruwan nan ya ɗauke ki aikin jinya na gaji da neman wayarki. Mai kai muku kayan abinci ya ce sai an hau tsauni ake samun sabis, amma in takarda ce zai kai. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro. Kakanninmu ne suka haɗa uwa, na sani, amma ba ni da wata yaya da ta wuce ki, kuma labarin nan ya cika mini ciki.

Yaya, in kika ga maigidana Direba yanzu wallahi sai kin wuce shi a hanya. Kin tuna kin bar shi ana rigima da kamfaninsu, bayan ya yi gyangyaɗi da tirela ya tashi shingen wata gona. Likita ya gano numfashinsa na ɗaukewa cikin barci saboda ƙiba, aka ce ko ya sauke jiki ko ya sauka daga mota. To, ya sauke. Daga kilo ɗari da talatin da wani abu ya dawo casa'in da huɗu. Wandunansa sai da na farke su duka na sake ɗinki, ƙyallen da na cire ya isa a yi wa wani riga.

Sai likitan ya ce saukewar ba ita ce wahala ba, hana ƙibar dawowa ne. Don haka suka sa shi cikin waɗanda ake bibiya daga nesa. Suka ba mu wani sikeli na gilashi mai layin waya a cikinsa. Kowace safiya mutum ya hau ya tsaya cak, in ya yi ƙara to lambar ta tafi asibiti. Akwai wata mata da ke kiransa lokaci zuwa lokaci, me ka ci, ka yi tattaki, yaya barci. Ba mu taɓa ganinta ba, Mai Murya muke ce mata. Ita ke aika wa kamfani rahoto, kuma da rahoton nan suke barinsa a doguwar hanya.

Ga inda matsalar take. Mutumin da ke makonni a hanya, yaya zai yi ya hau sikelin da ke ɗakina? Na farko ya tafi da shi, ya fashe a cikin mota. Suka ba mu na biyu da dogon gargaɗi. In kuma aka kwana biyu lamba ba ta je ba, sai rahoto ya fita da giɓi, a fara yi masa tambayoyi a ofis.

Ƙanwarki kuwa ba ta rasa dabara. 'Yar Lukutar nan da kuke tsokana tun muna yara, yau ƙibarta ta yi rana! Ni da shi yanzu kusan ɗaya muke, da kaɗan ya fi ni. Sai in rungumi tsohon dutsen gugana in hau, lamba ta cika, sikeli ya yi ƙara, in sauka in ɗora shayi. Abin da nake tsoro kawai shi ne in hau hannu babu komai ya aika da tawa lambar, don haka ban taɓa yi ba. Jiya ma saƙo ya shigo wayar Direba, wai ana taya shi murna, yana cikin waɗanda suka fi kowa riƙe nauyinsu. Ya kira ni daga wata tasha muka yi ta dariya, ina jin yana tauna wani abu.

Ki rubuto mini. Ki gaishe da abokan aiki.

Taki,
'Yar Lukuta

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, aiki da godiya. Na ji daɗin jin 'yata na karatu, ki ce mata abincin makaranta bai taɓa kashe kowa ba.

Na fara karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Wata abokiyar aikina har ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ke yanzu wannan ne abin dariya? Innalillahi. Na ɗauka kina da wayo, ban san ya kai na cutar kai ba.

Bari in gaya miki abin da matar nan take yi, tunda kun mai da ita rediyo. Ƙiba ba ta dawowa da ganga, a hankali take lallaɓowa, rabin kilo yau, rabin kilo wani mako. Mai jikin ba ya gani, matarsa ma ba ta gani. Lambar nan ita ce idon Mai Murya. In ta ga ta fara hawa sai ta kira da wuri, a gyara abinci, a duba magani, tun abin bai yi nisa ba. Ke kuma kin sa hannu kin rufe mata ido, kina jin daɗi tana yabon dutsen guga.

Ki amsa mini tsakaninki da Allah. Yaushe rabon Direba da ya hau sikelin da ƙafarsa? Minsharin ya dawo? Me yake taunawa a tashar? Na san abincin bakin hanya, ba ganye suke sayarwa ba.

A nan an taɓa kawo mana ma'aikata da motarsu ta faɗa rami, direbansu ya rufe ido na ɗan lokacin da bai kai a sha kofin ruwa ba. Ni na wanke su. Ba zan faɗa miki abin da na gani ba, amma tun da na karanta takardarki nake ganin fuskar mijinki a cikinsu. Wancan karon shingen gona ya tasa. Wa ya ce miki nan gaba ba motar 'yan makaranta ba ce?

Na san tsoron rasa aiki ne, ban ce ba ki da dalili ba. Amma ku kira matar ku gaya mata yanayin aikinsa, ba shi kaɗai ne direba a duniya ba, za su san yadda za su yi. Ki sauka daga kan sikelin nan. In ba ki daina ba, ranar da na sauko gari ni da kaina zan kama hannunki mu je asibitin ki yi musu bayani.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan duwatsu ba su ƙara miki zafin rai ba. Muna lafiya. Na daɗe ban amsa ba, watanni ke nan, don sai da na bari zuciyata ta huce. Na ba ki labari a matsayin 'yar uwa, kin amsa mini a matsayin alƙali.

Tunda kin ce tsakanina da Allah, to ga shi. E, ya ɗan ciko. Wandunan da na rage na sake buɗe biyu. Minshari ma yana ɗan yi, amma ba irin na da ba mai tashin maƙwabta. Ya yi mini alkawari da ya gama wannan zirga-zirgar zai koma kan ganye da tattaki, ya sauke abin da ya hau, ya karɓi sikelinsa. Kin ga ke nan rufin asiri ne na ɗan lokaci. Mai Murya kuwa har yanzu sai sambarka take yi.

Bari in ba ki abin dariya, ko kya saki fuska. Dutsen guga ya daina isa. Na haɗa da turmin ƙarfe na daka yaji, aka yi kwanaki, shi ma ya gaza. Yanzu kan keken ɗinkina nake kwancewa kowace safiya in rungume shi kamar jariri in hau. Makon jiya ma sai da na rataya jarkar ruwa a hannu kafin lamba ta cika. In kika gan ni sai kin yi kuka don dariya, ido a kan lamba, ƙafa a shirye, in ba ta kai ba in yi tsalle in sauka kafin ya yi ƙara. Wani lokaci hannuna har rawa yake yi.

Ashe zama da mai rage ƙiba ma magani ne. Rigunana duka sun yi mini yawa, na rage su sau biyu. Masu kawo ɗinki sai tambayata suke wane shayi nake sha, wata har ta yi fushi wai ina ɓoye mata sirri. Alhali wallahi ci nake kamar gara, ban taɓa ci irin na yanzu ba, ga lemo mai sanyi da ba na rabuwa da shi saboda ƙishi. Allah ne dai ya dube ni bayan shekarun da kuka yi kuna tsokanata.

Tsufa ne kawai ya fara leƙo ni. Zare ya daina shiga allura sai na yi ta lalube, zan nemi tabarau a kasuwa. Barci ma ba na samu sosai, ina kwanciya sai fitsari ya tashe ni, ga tururuwa sun addabi banɗakin ko na wanke. Kwanaki almakashi ya faɗo mini a ɗan yatsan ƙafa, ciwo ɗan mitsitsi, amma ya ƙi warkewa, da shi nake taka keke. In kuna da man shafawa mai kyau a wajenku ki aiko mini.

Kada ki sake yi mini wa'azi, na roƙe ki.

Taki, wadda sunan ya kusa daina dacewa da ita,
'Yar Lukuta

*

Ƙanwata,

Sallama. Ina lafiya, ina fatan takardar nan ta same ki a tsaye.

Ki ajiye duk abin da ke hannunki ki tafi asibiti yau, ba gobe ba. Ki gaya musu komai, tun daga dutsen guga har jarka, kada ki ɓoye ko ɗaya. In kika ɓata lokaci abin da zai biyo baya ba mai gyaruwa ba ne.

Wasiƙarki ta yi kwanaki a ofishin sansani kafin a miƙo mini, ruwa ya cinye hanya. Da na karanta sai da na fita waje na riƙe bango. Na yi wata da watanni ina jin haushinki a kan Direba, ashe ba shi ne a bakin rami ba.

Ki natsu ki yi lissafin da ni na yi. Lambar da kike cikawa ba ta canza ba. Da farko dutsen guga ya ishe ki. Yanzu sai kan keke da jarka. Na cika irin jarkar na ɗora a sikelinmu, na tambayi nauyin kan keke a wurin masu gyara. Duk abin da kike runguma, nauyin da ya fita daga jikinki ne. Ya haura kilo ashirin, ƙanwata, kuma kin ce ci kike kamar gara. Mai ci ba ya zubewa haka sai da dalili.

Ƙishin nan, fitsarin nan, idon da ya daina ganin allura, tururuwa, ciwon da ya ƙi warkewa, duk abu ɗaya suke nunawa. Ina tsoron ciwon suga ne, kuma ya yi nisa. Ba tsufa ba ne, ba sa'a ba ce. Ki zubar da lemon nan. Ki ce su auna jininki, ki cire takalmi ki nuna musu yatsan. Ba zan aiko da man shafawa ba, ba aikinsa ba ne.

Da a ce sau ɗaya kin hau sikelin nan hannu babu komai, da ke da kanki kin tsorata.

Na hau tsauni na kira ki, ba ki ɗauka ba. Zan sake hawa.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Muna lafiya, sai gajiya.

Takardarki ta zo. Rubutunki ƙanana ne, idona kuma ba ya son ƙananan abubuwa kwanan nan, layukan suna hawa kan juna. Na dai daure na karanta na sama, kuma sun ishe ni. In tafi asibiti yau in gaya musu komai, tun daga dutsen guga har jarka. Wato in je da ƙafata in tona wa mijina asiri, a kore shi, mu zauna muna kallon juna. Har da barazana, wai abin da zai biyo baya ba mai gyaruwa ba ne. Sauran shafin na san wa'azi ne, na ninke na sa a ƙarƙashin keke. Ba zan kai wa maƙwabta su karanta mini sirrin gidana ba.

Na ga kiranki. Ban ɗauka ba don ba ni da ƙarfin faɗa. Man shafawar ma na gode, ki bar shi.

Ki riƙe gaskiyarki, ni zan riƙe gidana.

Matar Direba

*

ƘANWATA,

SALLAMA. BA MAGANAR DIREBA NAKE BA. KE CE BA KI DA LAFIYA. CIWON SUGA NAKE TSORO. KI JE A AUNA JININKI YAU. KO BA KI AMBACI SIKELI BA, KI JE.

Wanda duk ya karanta mata wannan, don Allah ya kai ta asibiti ko tana so ko ba ta so.

Laifina ne da na fara waccan takardar da umarni ban fara da dalili ba. Na samu Direba a waya da ƙyar, yana wata ƙasa. Na ce masa matarka na cikin haɗari, ya yi dariya ya ce ai ta koma budurwa, hassada ce irin ta mata. Kafin in ƙarasa sabis ya ɗauke. Na nemi izinin tafiya, sun ce sai wadda za ta canje ni ta iso, kuma hanya har yanzu a yanke take.

YAYARKI

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ni ne Direba, mijin ƙanwarki. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan kina lafiya. Ban iya rubutu mai tsari ba, ki yi haƙuri da abin da kika gani. Abu na farko, tana raye. Na fara da wannan don kada ki karanta sauran da faɗuwar gaba.

Ina kan hanyar dawowa da safe, na tsaya shan mai, sai ga kiran Mai Murya, alhali ba ranar kiranta ba ce. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, wa ya hau sikelinka yau?" Na ce ni ne mana. Ta ce, "Lambar da ta shigo ta yi ƙasa da ta jiya da kilo goma sha wani abu. Ba a yin haka a kwana ɗaya." Na ce ai na'ura ce, ta lalace. Sai ta ce, "Ba na neman kama ka. In yaro ne ya hau da wasa, shi ke nan. In kuwa wani ne yake hawa maka duk watannin nan, ina so in san ko lafiyarsa ƙalau."

Yaya, nan maganarki ta tsauni ta dawo mini. Na faɗa mata gaskiya a tsaye a gidan man. Ta tambayi abin da ƙanwarki ke riƙewa, na lissafa mata. Ta tambayi ƙishi, ta tambayi ido. Sai muryar nan da ban taɓa jin ta canza ba ta canza. Ta ce in ajiye waya in nemi wanda zai je gidan yanzu.

Na kira ƙanwarki. Ta ɗauka, amma maganar ba ta haɗuwa, tana ce mini wai kan keken ya yi mata gardama ya ƙi ɗaguwa, ta hau da jarka kawai, in yafe mata ta ɓata mini lamba. Na kira maƙwabciyarmu, ta buga ƙofa ba a buɗe ba. Na bar motar a hannun abokin tuƙina na shiga ta haya. Ban san yadda na iso ba.

Na ɓalle ƙofar. Tana kwance a gefen sikelin, jarkar ta kife, ruwa ya jiƙa mata zane. Kan keken yana ƙasa inda ya suɓuce mata. Idonta a buɗe amma ba ta gane ni ba.

Na sunkuya na tattara ƙarfina don in ɗaga ta, kamar yadda na san nauyinta. Saura kaɗan in faɗi ta baya. Babu komai a hannuna, Yaya. Ni da nake gane an yi wa mota lodi fiye da ƙima daga yadda taya ta zauna, matata ta zube a gabana ban gani ba. Ina dawowa in kwana biyu, in ce kin yi kyau, in ci abinci in tafi. Ina jin ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna har muka isa asibiti.

Sun ce sugan ya wuce abin da ƙaramar na'urarsu ke iya karantawa, kuma da an kai yamma da sai dai wani labarin. Ta yi kwanaki ba ta san inda take ba. Yatsan ƙafar bai tsira ba, sun cire shi, amma sun ce ƙafar za ta zauna. Takardarki mai manyan baƙaƙe ta iso ƙanwarki tana kwance a asibiti. Wadda ta riga ta kuma na same ta a ƙarƙashin keke, na karanta har ƙarshe a barandar asibiti, mutane na wucewa suna kallon ƙato yana kuka.

Na ce miki mai hassada. Ki yafe mini.

Na hau sikelin da ƙafata. Ɗari da goma sha biyu. Mai Murya ta ce dole ta rubuta gaskiya, na ce ta rubuta. Kamfani ya sauke ni daga doguwar hanya, sun mai da ni gareji ina jera motoci, sai likita ya sake duba barcina. Ban yi musu ba. A tafiyar nan ta ƙarshe sau biyu ina farkawa in ga tayata a kan tsakuwar gefen titi, ban gaya wa kowa ba sai ke yanzu.

Mijin ƙanwarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, gaisuwar mai jin kunya. Jiki da sauƙi, an sallamo ni, ina gida. Idon ya fara washewa, likita ya ce zai ƙara, shi ya sa kika ga rubutuna kamar na 'yar aji ɗaya. 'Yarki ta zo ta gan ni ta koma. Da ta shigo ɗakin asibitin sai ta wuce gadona tana neman uwarta. Wannan ya fi cire yatsan yi mini ciwo.

Na karanta wasiƙarki har ƙasa. Na karanta ta ban san sau nawa ba. Duk abin da ya same ni yana nan a rubuce, a ƙarƙashin keken da nake zama a gabansa kullum. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ina ta ƙara kaya ina dariya, ko sau ɗaya ban tambayi kaina ina nauyin yake tafiya ba. Matan nan masu tambayar shayi sun zo dubiya, na ce ga shayin, wa ke so? Babu wadda ta yi dariya sai ni.

Gidan nan yanzu abin kallo ne. An ce shi ya sauke, ni in ciko a hankali. Kwano ɗaya ake dafawa, a auna wa kowa nasa, yana leƙen nawa ina leƙen nasa. Na koyi yi wa kaina allura. Da yamma muna fita tattaki, yana gaba yana haki, ina baya ina ɗingishi. Kafin ya tafi gareji sai ya zauna ya zira mini zare a allurai da waɗannan yatsun nasa kamar tabarya, ya jera su a jikin labule. Keken ma na fara takawa da ɗaya ƙafar, ɗinkin yana ɗan karkacewa amma yana tafiya.

Mai Murya ta kira ni, ni da kaina. Na shirya shan faɗa, har na tanadi kuka. Sai ta ce ita ma tana da nata laifin. Wai ta daɗe tana ganin lambar nan ta cika kyau, nauyin mutum na gaske yakan hau ya sauka, amma tsarinsu sai lamba ta motsa yake tashinta, ita kuma ta ji daɗin samun wanda ba ya ba ta wahala. Yanzu ta ce duk wanda take bi sai ta riƙa ganinsa a waya tsaye, daga kai har ƙafa, kuma direbobi za su riƙa hawa sikelin asibitocin kan hanya. Ashe da mun tambaya tun farko akwai yadda ake yi. Ta haɗa ni da masu bibiyar ciwon suga, sun kawo mini nawa sikelin. Ga su nan biyu a gefen gado, na ɗaura wa nawa jan ƙyalle don kada a yi kuskure.

Ranar farko na tsaya a gabansa na kasa hawa. Na waiga ina neman abin da zan ɗauka. Direba ya ce babu, hau kawai. Na hau, ban san inda zan sa hannuwana ba, suna ta reto kamar ba nawa ba. Lamba ta fito, sittin da takwas. Ƙafata ta ɗaga da kanta za ta yi tsalle ta sauka kamar yadda ta saba. Na danne ta, na tsaya ina kuka har ya yi ƙara.

In hanya ta buɗe ki zo, Yaya. Ki zo ki yi faɗan a gabana, zan saurara har ƙarshe. Kuma kada ki canza mini suna, ina nan ina ƙoƙarin in sake cancantarsa, ko da rabi ne.

Taki,
'Yar Lukuta